Abin da Gara Ta Rage

Ni malamin ofis ne a Birnin Kudu, aikin da a zamanin iyayenmu a ke ce wa mai yinsa malamin En'e. Ko da ya ke En'e ta daɗe da kau, tun sauye-sauyen 1976 da suka kawo ƙananan hukumomi, har yanzu in tsoho ya shigo neman takarda da wannan suna ya ke kirana, ni kuwa in amsa. Karatuna bai wuce na allo da firamare ba. Na faɗi wannan tun da fari domin kada mai karatu ya zaci wani masani ne zai yi masa bayani. Labarin wata adaka zan bayar, wadda ta kusa raba ni da wana, uwa ɗaya uba ɗaya.

Mahaifinmu ya rasu a Gwaram da daminar 2021. Bayan an share makoki sai Malam mai rabon gado ya zo, aka zauna a zaure, aka lissafa gida da gonaki biyu da shanun huɗa da keke da tufafi. Magada su ne Inna, da mu maza biyu, da 'yan'uwanmu mata uku. Da aka zo kan wata adakar ƙarfe da ke kuryar ɗakinsa, sai aka jawo ta aka buɗe, ƙura ta tashi, kyankyasai suka watse. Ba kuɗi, ba takardar gona, sai tsofaffin jaridu da littattafai masu hotuna, na can ƙasa gara ta riga ta mai da su turɓaya. Malam ya ce, "To, waɗannan nawa za a yi musu?" Yaya ya yi dariya, ya ce, "Allah gafarta Malam, a dai yi wa adakar kuɗi. Takardun nan ko mai ƙosai ba ta karɓa. A bar wa Malam ƙarami, shi ne mai jinin takarda." Kowa ya ce ya yafe. Aka yi wa adaka kuɗi aka sa a kasona, takardu suka biyo ta kyauta.

Na kawo ta Birnin Kudu, na yi kwana uku ina kakkaɓewa ina warewa. Na sami takardar shaidar Baba ta Yaƙi da Jahilci naɗe cikin ƙyalle, da 'yan guntayen Gaskiya Ta Fi Kwabo, da na Sodangi, jaridar da a kan buga domin Lardin Kano a zamanin da Birnin Kudu da Gwaram ke cikinsa, da littafin Sauna Jak wanda bangonsa ya fita. Sauran duka na Turanci ne, African Film guda 38, da Powerman guda 14. Irin waɗannan ne yara ke kira komik, watau labarin da a ke bayarwa da jerin hotuna, a rubuta magana cikin wani ɗan kewaye kamar tana fitowa daga bakin mai yinta.

Za ka ce me ya haɗa mutumin da bai ji Turanci ba da littattafan Turanci? Baba bai shiga boko yana yaro ba. Yana saurayi aka buɗe ajin Yaƙi da Jahilci a garinsu, cikin shekarun 1950, irin ajin da ku masu karanta wannan littafi kuka fito daga makamancinsa. Takardar da ya samu ita ta ba shi aikin masinja a ofishin hakimi, yana kai wasiƙu Birnin Kudu, wani lokaci har Kano. Ya kan ce mini, wanda ya koyi karatu da girma kamar mai sabuwar fartanya ne da rani, ga kayan aiki a hannu, ba inda zai sara. Littattafan Hausa na lokacin 'yan kaɗan ne, ya karance su har ya haddace. Sai ya koma karanta gwangwanin madara, da buhun gishiri, da rubutun goshin mota. Ran nan a tashar Kano ya ga yara sun yi cincirindo a kan wata mujalla mai hotuna, ya leƙa, ya ga ashe ko ba ka jin harshen kana iya bin labarin da ido. Ya ciro sule guda ya saya.

Wannan ita ce African Film, ta kamfanin mujallar Drum. Ta fara fitowa a 1968, ta yi 'yan shekaru kaɗan ta mutu a farkon shekarun 1970. Hotunan mutane ne na gaske a cikinta, waɗanda aka ɗauka a kudancin Afirka aka jera bi da bi. Gwarzon labarin Lance Spearman, baƙin mutum ɗan gaye, ga malafa ga kwat ga sigari a baki, aikinsa farautar miyagu. Babban abokin gabansa kuwa Rabon Zollo. Mutanen zaurenmu ba su wahalar da harshensu ba, suka sa masa Rabo. Baba ya ce abin da ya fi jan mutane shi ne, a majigi Bature ne kullum mai bugu, baƙin mutum mai ɗaukar kaya, nan kuwa sai ga mai irin fatarsu yana tuƙa mota yana ba da umarni.

Powerman shi zane ne na hannu. Ya fito a 1975, domin Nijeriya musamman aka yi shi, amma a Ingila aka zana shi. Waɗansu samari biyu ne ke karɓa-karɓar zanen, Dave Gibbons da Brian Bolland. Mai karatu ya riƙe sunan na farkon, zai sake jinsa. Gwarzon baƙi ne mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, abu guda kaɗai ke kā da shi, saran maciji. Manoman Gwaram ba su yi gardama da wannan ba ko kaɗan. Ko wane hoto an sa masa lamba, 1, 2, 3, sabo da masu bugawa suna tsoron ba za mu san ta inda za mu bi ba. Baba bai ji haushin lambobin nan ba. Ni ne na ji daga baya, ni da kakannina suka iya bin sharhi a gefen littafin fiƙihu, mai hawa sama ya gangaro ya juya kai ƙasa, ba tare da lamba ba.

Ga yadda ya ke yi. In ya sayo sabuwa, sai ya tsaya a Birnin Kudu ya nemi wani daga cikin 'yan makarantar sakandare da ke fitowa gari, ya saya masa rake ko gyaɗa, yaro ya riƙa faɗa masa ma'ana, shi kuwa yana rubutawa da Hausa a ƙarƙashin ko wane hoto, da fensir, daga baya da biro. In ya koma gida, bayan sallar lisha sai a kunna fitilar ƙwai a zaure, ya karanta wa jama'a, mujalla tana zagayawa hannu zuwa hannu ana duba hoto. An haife ni bayan an daina buga su, amma na riski karatunsu, domin har muka yi wayo ya kan ciro ɗaya in an yi ruwa an hana mu fita. Babu shafi guda a cikin hamsin da biyun nan da ba shi da rubutun hannunsa.

Na nemi duwatsu huɗu na ɗora adakar a kai, nesa da garu, na shimfiɗa busasshen ganyen darbejiya a ciki, na kan buɗe ta sha iska a inuwa in damina ta wuce. Haka ta zauna shekara huɗu, ba wanda ya tambaye ta.

A watan Disamba na 2025 ɗan Yaya, wanda ke karatu a Jami'ar Tarayya ta Dutse, ya biyo ta wurina zai tafi hutu. Ya tarar ina shan iska da su. Ya ɗauki ɗaya ya juya, sai na ga idonsa ya fito. Ya ce, "Baffa, ka san abin da ka ke riƙe da shi kuwa?" Ya ciro waya ya nuna mini labarin waɗansu 'yan'uwa uku a Amurka. Uwarsu ta rasu, suna share gidanta suka tarar da wani kwali a rufin ɗaki, cikinsa akwai Superman na 1, bugun 1939. A watan Nuwamba na 2025 aka yi gwanjonsa a kan dala miliyan 9 da dubu 120, abin da ya haura naira biliyan 13 a canjin lokacin. Na ce masa wannan na Amurka ne, namu daban. Ya ce i, amma tsoho tsoho ne. Ya ɗauki hotuna ya wuce Gwaram.

Yaro bai yi da mugun nufi ba, amma ka san magana in ta fita daga zaure. Kafin mako ya zagayo an ce Malam ƙarami ya danne gadon miliyoyi. Daga Gwaram zuwa kasuwar Sara miliyan ta zama biliyan. Wata Asabar da sassafe sai ga Yaya a kan babur. Muka gaisa, na kawo fura ya ce ya ƙoshi. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Ya ce, "Malam, ashe da saninka ka yi shiru ran nan?"

Na ce, "Yaya, wallahi ban san kome ba. Kai da bakinka ka ce a ba ni."

Ya ce, "Takarda muka yafe, ba mu yafe dukiya ba. Akwai haƙƙin Inna a ciki, akwai na mata."

Maganar ta soke ni, domin ban taɓa cin kwabon kowa ba. Amma da na kwana da ita sai na ga ba ta rasa gaskiya. A ofis na sha rubuta ƙarar 'yan'uwan da suka daina gaisawa a kan kan iyakar gona taki uku, ko wanensu kuwa yana ganin shi aka zalunta. Na aika masa cewa ya ba ni wata guda in binciki kuɗinsu na haƙiƙa, abin da ya fito a sake zama gaban Malam. Na kira yaron da ya tono rigimar na ce shi zai taya ni binne ta. Abin da zan faɗa nan gaba shi ya riƙa karanto mini yana fassarawa, ina sa shi ya maimaita, ina rubutawa kamar yadda na ke ɗaukar maganar shaida.

Littafin da Superman ya fara bayyana a cikinsa shi ne Action Comics na 1. An buga shi a 1938, wajen guda 200,000, ko wane a kan santi 10, watau kuɗin alewar yaro. Takardarsa irin ta jarida ce, mai saurin yin ja ta kakkarye. Yara suka karanta suka yar, iyaye mata suka share suka kai bola. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka yi ta kiran jama'a su tara tsofaffin takardu domin a sake sarrafa su, aka kwashi na yara tuli-tuli. Waɗanda suka tsira an ƙiyasta wajen guda 100 ne, ɗaya daga cikinsu aka sayar dala miliyan 6 a 2024. Ashe rainin da aka yi wa abin shi ya haifi tsadarsa. Da kowa ya adana nasa, da yau ba a saye shi kuɗin akuya ba.

Sa'an nan tsufa kaɗai ba ya isa, sai da lafiya. Akwai kamfanoni masu duba littafi shafi-shafi, su ba shi maki, mafi girma 10, kāna su rufe shi ruf cikin wani gidan roba mai tauri. Na 'yan'uwan nan uku maki 9 ya samu, domin sanyin garinsu ya kiyaye shi, kuma ba wanda ya yi ta damuƙarsa. In ka fasa robar domin ka karanta, shaidar makin ta tashi. Watau mutum ya zuba biliyoyi ya sayi littafin da ba zai buɗe ba. Wannan ya ɗaure mini kai ƙwarai, sai na tuna da wani attajiri da ya sayi ingarma ya ɗaure a turke, ba ya hawa, ba ya bari a hau, sai dai baƙi su zo su gani. Su kuwa samarin nan biyu da suka ƙago Superman, Jerry Siegel da Joe Shuster, dala 130 aka ba su suka sa hannu suka sallama shi. Sai da suka tsufa cikin rashi, a 1975, sa'an nan kamfanin ya yanka musu fansho, ya yarda a mai da sunansu a kan littafin.

Na tambayi yaron, to yaushe manya suka fara ganin abin yara da daraja? Ya ce dalilai suna da yawa, amma ɗaya daga cikinsu shi ne wani salon zane da ya taso a Ingila da Amurka, wanda suka laƙaba wa suna Pop, watau zanen gama-gari. Kafin zuwansa, abin da a ke ratayawa a manyan gidajen nuna zane shi ne surar sarakuna, da daji, da teku, ko kuwa waɗansu launuka da sai masani ya gane su. Sai waɗansu samari suka ce, ai abin da idonmu ke gani kullum shi ne talla, da gwangwani, da komik, don me ba za mu zana su ba? A 1956 Richard Hamilton na Ingila ya yayyanko hotuna daga mujallu ya liƙa, ya haɗa surar wani ɗaki, ya manna bangon komik na soyayya a jikin garun, daidai inda masu hali ke rataya aikin manyan gwanaye. A Amurka Andy Warhol ya zana Superman a 1961, ya bi da gwangwanayen miya a 1962.

Wanda ya fi su duka dogara ga komik shi ne Roy Lichtenstein. Tun daga 1961 ya kan ɗauki hoto guda, wanda bai fi tafin hannu ba, ya zana shi ƙato a kan ƙyalle, har da 'yan ɗige-ɗigen nan da injin buga takarda ke yi domin ya ba da launi da araha. Ɗauki tsohuwar jarida mai launi ka kusantar da ita ga idonka, za ka ga ɗigon da na ke nufi. Abin da injin ke so ya ɓoye, shi wannan ya fito da shi fili. Shahararren aikinsa, mai suna Whaam!, ya yi shi a 1963: jirgin yaƙi ya harbo wani jirgi ya tarwatse da wuta. Faɗinsa ya haura ƙafa 13. Gidan zane na Tate a London ya saye shi fam 4,665 a 1966. Wani aikin nasa kuma, irin wannan salo, an sayar da shi dala miliyan 165 a 2017.

To, hoton jirgin nan daga ina ya fito? Daga wani komik na yaƙi bugun 1962, wanda wani mai suna Irv Novick ya zana a kan ladan shafi. Masu kāre Lichtenstein suna cewa ba kwafa kawai ya yi ba, ya rage nan, ya ƙara can, ya sāke launi, ya sa mutane suka tsaya suka dubi abin da dā su ke wucewa. Na sa yaron ya jera mini biyun a waya, na duba da kyau, gaskiya ne ya gyara, har na yarda nasa ya fi tsabta. Amma fa bai rubuta sunan Novick a jiki ba, bai kuwa ba shi ko anini ba. Wani daga cikin waɗanda ya ɗauki zanensu, Russ Heath, ya tsufa har sai da ƙungiyar taimakon masu zanen komik ta riƙa agaza masa da abin masarufi.

Nan ne ni malamin ofis na ke da ta cewa, domin kwafa sana'ata ce. In na kwafi wasiƙa, na kan rubuta a sama cewa kwafe ne, daga wane zuwa wane, ran kaza ga wata. In kuwa ka duba ƙarshen tsofaffin littattafan malamanmu da aka kwafa da hannu, sau da yawa za ka tarar mai rubutun ya ambaci mawallafi, ya ambaci wanda aka rubuta dominsa, ya sa nasa sunan daga ƙarshe, ya roƙa musu gafara su duka. Kwafa ba abin kunya ba ne a wurinmu, ta haka ilmi ya iso mu. Abin kunya shi ne ka sha ruwan rijiya ka ƙi faɗin wanda ya gina ta. Ashe kuwa ba ni kaɗai ke ganin haka ba. Dave Gibbons ɗin nan, wanda ya zana wa Baba Powerman yana saurayi, daga baya ya zama babba a sana'ar, shi ya zana Watchmen da ya yi suna a duniya. A 2013 sai ya sake zana hoton jirgin nan da hannunsa, da sigar ba'a, ya ambaci Irv Novick a matsayin mai asalin zanen, ya ce kuɗin da aka samu a kai wa ƙungiyar nan mai taimakon tsofaffin masu zane. Da yaron ya karanta mini wannan sai na tashi na ciro Powerman guda na sake dubawa, na ji kamar labarin wani ɗan garinmu aka ba ni.

Mu ma muna da zanen gama-gari, ba mu dai sa masa suna ba. Tsaya a bakin hanyar Kano a Birnin Kudu ka dubi bayan manyan motoci: ga zaki, ga jirgin sama, ga jarumin fim ɗin Indiya riƙe da bindiga, mai zanen ya kwafo daga kalanda ya ƙara nasa. In mota ta tsufa a farfasa katakon a dafa tuwo da shi. Akwai ma wanda ya girme su duka. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude, nan bayan garinmu, akwai surar shanu a jikin dutse, waɗansunsu marasa tozo. Bature Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya duba su a tsakiyar shekarun 1950 ya rubuta labarinsu, tare da na duwatsun nan masu amo in an ƙwanƙwasa. Baba ya taɓa kai mu muna yara, ya ce ga komik na fari, saura wanda zai rubuta Hausarsa a ƙasa.

In koma kan adaka. Na ɗauki guda uku na tafi Kano wurin masu sayar da tsofaffin littattafai. Na farko ya ce ba ya sayen abin da ba ya cikin manhajar makaranta. Na biyu ya taya ni kuɗin da bai kai na motar da ta kawo ni ba. Yaron kuwa ya yi ta aika hotuna ta intanet, har ya gamu da wani mutum a Ikko mai tara irin waɗannan. Da ya ga bangwayen sai ya yi ta murna, ya ce ya daɗe yana neman Powerman, domin a ƙasar nan gara da damina da masu ƙosai ba su bar da yawa ba. Ya ce a ɗauko masa hoton ciki. Muka kwana biyu muna ɗauka. Da ya gani sai ya kira, murya ta sāke. Ya ce, "Wane ne ya ɓata su haka da rubutu?"

Na ce wa yaron ya gaya masa mahaifina ne.

Ya ba da haƙuri, mutum ne mai ladabi. Ya ce a wurin masu tarawa ko sunan mai littafi a bango yana rage kuɗi, balle rubutu a ko wane shafi, ga cin gara, ga tabon mai da hayaƙin fitila. Ya ce da suna da tsabta da ya ninka abin da zai faɗa sau da yawa, amma a yadda su ke zai ba da naira 160,000 a kan duka. Na sa ya rubuto wannan da sunansa domin in nuna.

Muka sake zama a zauren nan na Gwaram, har maƙwabta suka cika ƙofa suna jiran jin biliyan. Na karanta takardar mutumin Ikko. Aka yi tsit, sa'an nan na waje suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Malam ya yi lissafi: tumunin Inna 20,000, saura 140,000 a kasa bakwai, mace 20,000, namiji 40,000. Inna daga bayan labule ta ce, "Ashe kuwa na ƙone dukiya. Ai dami guda na ɗiba ina hura wuta da su shekarar da aka yi ruwan nan mai yawa, Malam bai sani ba har ya koma ga Allah." Aka yi dariya, har Yaya, ko da ya ke kansa na ƙasa.

Ya ce, "To, a aika wa mutumin, kowa ya karɓi nasa a huta."

Na ce, "Allah gafarta Malam, in magaji ya biya abin da baƙo ya taya, ya halatta ya riƙe?"

Malam ya ce babu laifi in sauran sun yarda. Autarmu ta ce ita ta yafe mini nata. Na ce a'a, an yi yafiya sau ɗaya na ga inda ta kai mu, wannan karon ciniki za a yi. Na cire kasona, saura 120,000, kusan albashina na wata biyu, na ɗauki alkawarin biya cikin wata huɗu. Na rubuta takarda da hannuna, na karanta da ƙarfi, kowa ya dangwala, Malam da liman suka yi shaida. Matata ba ta yi mini magana ba kwana biyu, domin kuɗin takin bana ne na taɓa, kuma ban ce ba ta da gaskiya ba.

Da jama'a suka watse muka rage ni da Yaya. Shi allo ya yi, bokonsa na ajin manya ne, da girma ya koya kamar Baba. Ya miƙa hannu ya ɗauki African Film guda daga cikin waɗanda na zo da su, ya buɗe, ya sa yatsa yana bin rubutun fensir a hankali. A ƙarƙashin wani hoto inda Spearman ya shaƙe wani mutum a jikin mota, Baba ya rubuta, "A nan ban sami yaron da zai faɗa mini ba. Ina zaton bashi ya ke binsa." Yaya ya karanta sau biyu. Ya ce, "Ka ji shi fa. Wallahi haka ya ke magana." Ya juya shafi, ya sake juya wani, har aka kira la'asar bai ɗaga kai ba.

Da za mu tashi ya ce, "Malam, ara mini wannan in kai wa yara su gani."

Na ce, "Ɗauka, Yaya, amma kada a ajiye ta a ƙasa, kada kuma a liƙe yagewar da salatif, yana cin takarda."

Na ciro littafina na rubuta aro, da ranar wata, da lambar mujallar. Na gama biyan kuɗin kowa a kan lokaci. Mujallar dai har yau ba ta dawo ba, saura 37 a adaka.